HIRAR MAKO: Ko Akwai Maganin Tarin Fuka A Cikin Itatuwa?

  

A makon nan takardu biyu suka iso hannuna rana ɗaya, kuma ko da ya ke masu su ba su san juna ba, da na karanta sai na ga igiya guda suka riƙe, kowa ta bakinsa. Ta fari daga wani malamin makaranta ce a ƙasar Katsina. Ya ce ƙanensa, magidanci mai 'ya'ya uku, ya kama tari tun kaka, ya yi ta ramewa yana jiƙa tabarma da gumi cikin dare, har aka kai shi asibiti aka auna kakinsa aka ce tarin fuka ne. Aka ɗora shi bisa maganin wata shida. Ya sha wata biyu, tari ya lafa, ya koma cin tuwo, har ya koma rumfarsa. Ran nan a kasuwa sai ya ji wani mai tallar magani da lasifika yana cewa ai Turawa da kansu sun tabbatar tafarnuwa da saiwoyi suna kashe ƙwayar cutar. Ya sayi kwalba biyu, ya tura ƙwayoyin asibiti ƙarƙashin gado, domin ya ce suna tayar masa da zuciya, sun kuma mai da fitsarinsa ja. Malam yana tambaya, shin maganar mai lasifika gaskiya ce?

Takarda ta biyu wani dattijo ne mai maganin gargajiya a ƙasar Sakkwato ya sa jikansa ya rubuto. Faɗa ya yi mini, amma cikin ladabi. Ya ce mu 'yan boko mun raina abin da iyaye suka bari, alhali mahaifinsa yana ba masu tari sabara da ɓawon marke tun ba a gina asibiti a gundumarsu ba, me ya sa ba a taɓa jin sunan itace ko ɗaya a bakinmu ba? To, Malam, kai da Baba, ku matso kusa, amsarku ɗaya ce, sai dai tana da ɗan tsawo.

Mu fara da sanin abokin gaba. Tarin fuka, wanda likitoci ke kira tibi, wata 'yar ƙwayar halitta ce ke kawo shi, siririya kamar tsinke, ido ba ya ganinta sai da madubin likita. Wani likita Bajamushe, Robert Koch, shi ya fara nuna ta ga duniya a birnin Balin ran 24 ga Maris 1882, shi ya sa har yau a ke tuna wannan cuta a wannan rana kowace shekara. Tun daga nan aka tabbata ba sammu ba ne, ba gado ba ne, ba kuwa haɗiyar gashin kyanwa ba kamar yadda a ke gaya mana muna yara. A iska ta ke tafiya, in mai ita ya yi tari ko atishawa, na kusa da shi ya shaƙa, balle a ɗaki mai duhu wanda ba taga.

Wannan ƙwaya tana da halaye uku da suka sa ta gagari magani shekaru aru-aru. Na ɗaya, tana sanye da riga mai kauri ta kitse da danƙo, magani ba ya ratsa ta da sauƙi. Na biyu, tana da nawa. Waɗansu ƙwayoyin cuta kan rabu biyu cikin minti 20 ko 30, ita kuwa sai ta yi awa 15 zuwa 20 kafin ta rabu sau ɗaya, magunguna da yawa kuwa ba su kama ƙwaya sai tana cikin girma. Na uku, ta iya lamɓo. Ta kan shige cikin sojojin jini waɗanda aka aiko su cinye ta, ta kwanta barci a cikinsu shekara da shekaru, sai ran da yunwa, ko ƙanjamau, ko ciwon suga ya raunana mutum, sa'an nan ta farka. Masana sun ƙiyasta kimanin mutum ɗaya cikin huɗu a duniya ya taɓa shaƙar ta, amma cikin ɗari, biyar zuwa goma ne kan kwanta ciwo. Duk da haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2023 mutum wajen miliyan 10.8 suka kamu, wajen miliyan 1.25 suka riga mu gidan gaskiya, Nijeriya kuwa ita ce ta shida a duniya wajen yawan masu cutar a wannan shekara, ta ɗaya a Afirka. Kun ga ba maganar wasa mu ke yi ba.

To, shin akwai abin da ke kashe wannan ƙwaya a cikin tsirrai? Lalle akwai. A nan Baba ya yi gaskiya, mai lasifika ma bai ƙaga maganar daga sama ba, wani abu ya tsinta ya ƙara masa gishiri. Itace ba ya iya gudu in cuta ta zo masa, saboda haka Ubangiji ya hore masa makamansa a cikin ɓawo da ganye da saiwa, watau abubuwan nan masu ɗaci da masu bauri da masu yaji, waɗanda masana ke kira sinadarai. Bari in kawo muku kaɗan daga cikin waɗanda aka gwada a kan ƙwayar tarin fuka.

Ga tafarnuwa tukuna, tun da ita aka ambata. In an daka ta, waɗansu abubuwa biyu da ke rabe a cikinta sai su gamu su haifi wani sinadari mai wari da a ke kira alisin. Wani masani a Amurka, Chester Cavallito, da abokin aikinsa suka fara tace shi a 1944. A 1946 waɗansu masana a Indiya suka ba da labari cewa ruwan tafarnuwa yana hana ƙwayar tarin fuka girma a cikin kwalbar gwaji. Ku riƙe kalmar nan, a cikin kwalba, za mu komo kanta. Shekara wajen tamanin ke nan da wannan labari, wanda mai lasifika ke sayarwa kamar jiya aka gano shi.

A Afirka ta Kudu akwai wani itace da masu magani na can ke haƙar saiwarsa domin ciwon ƙirji, masana na kiransa Euclea natalensis, danginsu ɗaya da kanyarmu. Wata malama a Jami'ar Pretoria, Namrita Lall, da abokan aikinta suka bi sawun masu maganin, suka tace saiwar a farkon shekarun 2000, suka sami sinadarai masu launi waɗanda ke hana ƙwayar girma, har da irin wadda ta gagari maganin asibiti. A ƙasar Sin kuma akwai wani ɗan'uwan tazargade wanda wata mata mai suna Tu Youyou ta fitar da maganin zazzaɓin cizon sauro daga ganyensa a 1972, aka ba ta lambar yabo ta Nobel a 2015. A ƙarshen 2016 masana a wata jami'a ta Jihar Mishigan a Amurka, bayan sun gwada sinadarai fiye da 500,000, suka ga wannan magani na zazzaɓi, atimisinin, yana toshe hanyar da ƙwayar tarin fuka ke bi ta gane iska ta yi ƙaranci ta kwanta barci. Ƙwayar da aka hana barci kuwa ta fi sauƙin kamawa.

Har masoro yana da nasa rabo. A cikinsa da danginsa akwai wani sinadari mai yaji, fifarin. Shi ba ya kashe ƙwayar da kansa, amma yana taimakon magani ya shiga jini sosai, an kuma ga a gwaji yana toshe wata 'yar kafa da ƙwayar ke amfani da ita ta tofar da magani waje. A 2009 aka fitar da wata ƙwayar magani a Indiya mai suna Risorine, wadda aka haɗa miligiram 10 na fifarin da magungunan tarin fuka biyu a cikinta. Amma fa a ma'auni aka yi wannan, a hannun likita. Kada wani ya karanta ya je ya barbaɗa masoro a koko ya ce ya rage magani.

Akwai kuma waɗanda suka kai gaci, suka zama maganin asibiti sosai, sai dai ku dubi irin doguwar hanyar da suka bi. A Turai akwai itacen bakin rafi da a ke kira wilo, wanda tun zamanin da a ke jiƙa ɓawonsa domin zazzaɓi. Daga sinadarinsa aka sami hanyar yin asfirin. A 1940 wani masani a Amurka, Frederick Bernheim, ya lura cewa in an zuba wa ƙwayar tarin fuka wannan sinadari, maimakon ta mutu sai ta ƙara kuzarin numfashi, kamar an ba ta abin marmari. Da wani likita a ƙasar Suwidin, Jorgen Lehmann, ya karanta haka, sai ya yi tunani irin na mai kashe ɓera, ya ce tun da tana son abin nan, bari a ɗan sauya shi ya zama guba mai kama da abincinta. Haka aka yi maganin da a ke kira PAS, aka fara ba marasa lafiya a 1944, ya ceci rayuka masu yawa. Da an tsaya ga jiƙon ɓawon kawai, da ba wanda ya warke.

Na biyu ma ya fi kusa da mu. A birnin Dablin na ƙasar Ailan, wani masani Vincent Barry da mutanensa suka fara da wani sinadari da a ke samu a irin gansakukar nan mai fitowa a jikin duwatsu da tsofaffin katangu. Suka yi ta sauya gininsa shekara da shekaru, har cikin shekarun 1950 suka faɗa kan wani jan sinadari da aka sa wa suna kilofazimin. Da aka gwada shi a kan dabbobi masu tarin fuka, a waɗansu ya yi aiki, a waɗansu ya kasa, sai aka ajiye shi. Amma ƙwayar kuturta da ta tarin fuka 'yan'uwa ne. Kafin nan man 'ya'yan wani itacen Indiya, calmugura, shi a ke yi wa kutare allura da shi, mai zafi ƙwarai, amfaninsa kuwa kaɗan. A asibitin kutare na Uzuakoli, a gabashin Nijeriya, Likita Stanley Browne ya gwada kilofazimin a kan kuturta, ya ba da labarin nasararsa a 1962. Ya zama ɗaya daga cikin magunguna uku da a ke haɗawa a warkar da kuturta, yau kuma ga shi an komo da shi cikin magungunan tarin fuka mai gardama. Ku duba fa, daga gansakukar katanga zuwa gadon asibiti, sai da aka bi ta Ailan aka bi ta Nijeriya, aka ci shekaru masu yawa.

To, yanzu mu koma ga kalmar da na ce ku riƙe. Kwalbar gwaji daban, ƙirjin mutum daban. Sabulu ma yana kashe ƙwayoyin cuta a kwalba, toka ma haka, amma ba mai hankalin da zai ce mai tari ya sha sabulu. Kafin a kira sinadari magani, sai ya wuce ƙofofi huɗu, mafi yawansu kuwa a ƙofar fari su ke faɗuwa.

Ƙofar fari ita ce ƙarfi. Maganin asibitin nan isoniyazid, in an narka giram ɗaya nasa a cikin ruwa duro ɗari, kowane duro lita 200, har yanzu ruwan na iya hana ƙwayar girma. Mafi ƙarfin sinadaran saiwar nan ta Afirka ta Kudu, giram ɗaya ya kan riƙe wajen duro goma, wannan kuwa ƙarfi ne na a yaba. Amma jiƙon itatuwa da yawa waɗanda a ke rubuta labarinsu, giram ɗaya ba ya riƙe fiye da lita ɗaya zuwa goma. Mutum zai sha buhu nawa kafin wannan ya taru a jininsa? Ƙofa ta biyu ita ce isa. Abin da aka sha sai ya tsira daga tsamin ciki, ya tsira daga hanta mai tace kome, ya shiga jini, ya ratsa cikin rami mai ruɓa da cutar ta haƙa a huhu, ya daɗe a can. Alisin na tafarnuwa ba ya jimrewa, wuta na lalata shi, jiki kuma na rushe shi nan da nan. Ƙofa ta uku ita ce aminci. Sinadaran saiwar da na yaba ɗazu, an ga suna cutar da ƙwayoyin jikin mutum ma, shi ya sa masana ke ta neman yadda za su rage dafinsu. Abin da zai kashe ɓarawo ya haɗa da mai gida, ai ba a kira shi mai gadi ba.

Ƙofa ta huɗu ita ce gwaji a kan marasa lafiya, da lissafi, sai an gwada a kan san na ƙwarai. A 1948 likitocin Ingila suka ba da labarin gwajin da suka yi wa maganin farko na tarin fuka, sitiraftomaisin. Suka raba marasa lafiya 107 kashi biyu ta hanyar ƙuri'a, 55 aka yi musu allura da hutu, 52 hutu kaɗai. Bayan wata shida, 4 suka rasu a kashin fari, 14 a na biyu. Da irin wannan lissafi a ke sanin magani, gama tarin fuka kan lafa da kansa wani lokaci ya sake tashi, wanda ya sha jiƙo a kan gaɓar lafawa sai ya rantse jiƙon ne. Waɗanda suka rasu kuwa ba su dawowa kasuwa su ba da shaida. Har zuwa ran da na ke rubutun nan, babu ganye ko saiwa ko ɓawo, namu ko na wata ƙasa, da ya wuce ƙofofin nan huɗu aka tabbatar shi kaɗai yana warkar da tarin fuka.

Kada ku zaci a ƙasarmu kaɗai a ke da masu lasifika. A 1897 wani saurayi Bature daga Ingila, Charles Stevens, ya tafi Afirka ta Kudu da ciwon ƙirji, wani mai magani na can ya ba shi dafaffiyar saiwa ya sha, ya ji sauƙi. Da ya koma gida sai ya buɗe ciniki, yana sayar da ita a kwalba da sunan maganin tarin fuka, ya ɓoye sunan itacen. Ƙungiyar likitocin Ingila ta sa shi cikin littafinta na magungunan ɓoye a 1909, ya kai ƙara ya faɗi. Sai cikin shekarun 1970 masana a Jamus suka gano itacen, wata 'yar fure ce da a ke kira Pelargonium sidoides. Da aka gwada ta sosai, sai aka ga tana da ɗan amfani ga tari da mura na yau da kullum, yau ma a kan sayar da ita a Jamus domin haka, amma ƙarfinta a kan ƙwayar tarin fuka kaɗan ne. Watau mai maganin Afirka bai yi ƙarya ba da ya ce saiwarsa na sauƙaƙa tari. Wanda ya ɗora mata kayan da ba ta iya ɗauka, ya ɓoye sunanta domin riba, shi ya ɓata ta shekara saba'in.

Ni kaina da sabara da zuma aka rene ni, in sanyi ya kama mu kakata ba ta zuwa ko'ina sai bayan gida ta tsinko ganye, kuma mu kan ji daɗin maƙogwaro. Amma a gidan nan namu akwai wani kawuna da ya sha sabarar nan damina biyu, yana tari yana tofar da jini, har ya cika. Kama da wane ba wane ba ne. Tarin sanyi da tarin fuka a kunne ɗaya su ke, a huhu kuwa ba su gamu ba.

Yanzu, Malam na Katsina, ga abin da ya sa hankalina ya tashi da takardarka. A ramin huhun mai tarin fuka a kan sami ƙwayoyin cuta miliyan ɗari ko fiye. A cikin kowane miliyan guda a kan sami ɗaya wadda isoniyazid ba ya kamawa, a cikin kowane miliyan ɗari kuma a kan sami ɗaya wadda rifamfisin ba ya kamawa. In an ba da magani ɗaya tak, masu rauni su mutu, 'yan gardama su gaje gida su hayayyafa. Haka ya faru a gwajin 1948, mafi yawan waɗanda aka auna bayan allura, ƙwayar ta daina jin maganin. Shi ya sa a ke haɗa huɗu a wata biyun fari, isoniyazid da rifamfisin da firazinamid da itambutol, wadda ta kuɓuce wa wannan ta faɗa hannun wancan, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ko da gobe an sami sinadarin itace mai ƙarfin gaske, shi ma sai an haɗa shi da waɗansu.

Wata biyun fari su ke kashe ƙwayoyin da ke farke, shi ya sa ƙanenka ya ji sauƙi. Wata huɗun baya na masu barci ne, waɗanda ke farkawa kaɗan kaɗan. Wanda ya tsaya a wata biyu ya kashe maciji bai sare kansa ba. In cutar ta komo, tana iya komowa da gardama, kuma irin mai gardamar zai shaƙa wa matarsa da 'ya'yansa uku, ƙananan yara kuwa su suka fi saurin faɗuwa, har ta kan hau musu ƙwaƙwalwa. Mutum wajen 400,000 suka kamu da irin wannan mai gardama a duniya a 2023. Da can maganinta sai an kai wata 18 zuwa 24 da allurai masu kurmantar da mutum. Tun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda da wani haɗi na wata shida na sha kawai ga mafi yawan masu ita, amma duk da haka ya fi na fari tsada da wahala nesa ba kusa ba.

Saboda haka ina roƙonka don Allah, kada ka jira jarida ta mako mai zuwa. Ka ɗauki ƙanenka da ragowar ƙwayoyin da kwalaben nan biyu ku koma inda aka ba shi magani, ku faɗi gaskiyar kwana nawa ya yi bai sha ba. Kada ya ci gaba da sha da kansa, sai sun sake auna kaki, akwai na'ura mai suna GeneXpert wadda cikin awa biyu ta kan nuna ko ƙwayar tana nan, da kuma ko ta daina jin rifamfisin. Awo da magani kyauta ne a cibiyoyin tarin fuka na gwamnati. A kai matar da yaran a duba su. Jan fitsari kuwa launin rifamfisin ne kawai, ba jini ba ne, in an gama magani zai wuce. Abin tsoro shi ne idanu su yi rawaya, ko amai ya ƙi tsayawa, ko gani ya dushe, in an ga haka a koma asibiti a ranar. Uku daga cikin magungunan nan huɗu suna nauyaya wa hanta, in aka ƙara mata jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba, sai a je neman gira a rasa ido. Tafarnuwa a miya ba ta hana kome, ya ci abinci mai gina jiki gwargwadon hali, a buɗe taga, rana ta shiga ɗaki. In kuma ya ce shi ya fi son maganin Allah da na Bature, ka gaya masa sitiraftomaisin daga wata ƙwayar halitta ta cikin ƙasa aka same shi a Amurka a 1943, asalin rifamfisin ma daga ƙasar wani daji ne a kudancin Faransa da aka ɗebo a 1957. Wanda ya halicci saiwa shi ya halicci ƙasar da ta ke ciki.

Kai kuma Baba na Sakkwato, Allah ya ƙara maka lafiya, ka ga dai yau na kira sunayen itatuwa. Ba mu raina abin da ka gada ba, kusan duk labarun da na kawo daga bakin irinku aka fara su. Wani likita Bature da ya yi aiki a ƙasar nan, J. M. Dalziel, a wurin dattawa irinka ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga a 1916, ya kuma buga babban littafinsa na itatuwa masu amfani na Afirka ta Yamma a 1937, har yau masana na buɗa su. A cikin shekarun 1990 cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Idu, Abuja, ta karɓi wani haɗi daga hannun wani mai maganin gargajiya bisa yarjejeniya a rubuce, na masoro da kanumfari da karan dafi da wani ɗan'uwan madobiya, ta gwada shi, ta fitar da Niprisan domin masu amosanin jini. Ashe hanya tana nan. Abin da na ke roƙo gare ka abu biyu ne. Ka sa jikan nan naka ya rubuta abin da ka sani, wane itace, wane sashe nasa, a wane wata a ke ɗiba, yaya a ke haɗawa, domin a kai wa masana na jami'o'inmu su gwada, sunanka na jiki. Sa'an nan duk mai tarin da ya zo maka ya wuce mako biyu, ko yana ramewa, ko gumin dare, ko jini a kaki, ka aika shi awo tukuna. Mutane sun fi jin maganarka da tawa, in ka ce su je za su je.

Saura kalma ɗaya ga hukuma da sarakunanmu. A 1987 masu bincike suka yanko ganye da reshe na wani itace a dajin Sarawak na ƙasar Malesiya, aka sami sinadari a ciki mai suna kalanolid, wanda a gwaji ya taɓa ƙwayar ƙanjamau, daga baya aka ga yana taɓa ta tarin fuka ma. Da suka koma ɗebo ƙari, sai suka tarar an sare itacen. Aka sha wahalar nema kafin a sami irinsa a lambun itatuwa na Singafo. To, mu dubi marke da kirya da madobiya yadda su ke tafiya a buhunan gawayi da bayan manyan motoci. Wa ya san abin da mu ke ƙonawa? Ya kamata a tsare kurmi, a ba masana kuɗin gwaji har ya wuce kwalba, a ƙarfafa irin cibiyar koyar da aikin tarin fuka da kuturta da ke Saye kusa da Zariya, a kuma ja kunnen masu lasifika waɗanda ke raba majiyyaci da maganinsa.

Malam, ka rubuto mini bayan kun dawo daga asibiti, ina so in ji yadda aka yi da yaran. Allah ya ba ƙanenka lafiya, da dukan marasa lafiya na gida da na asibiti, amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.

Haza wasalam.

Naku,
Mai Hirar Mako